Allon Awuor da Saƙar Dani

A gidanmu da ke Migosi, ba kowane abu ne yake samun kitamba ba, wato ɗan mayafin nan da ake rufa wa kayan ɗaki. Kakarmu, wadda muke kira Dani, ita ke saƙa su da kwarashi, farare masu bakin fure, kuma ita kaɗai ke yanke hukuncin abin da ya cancanci a yafa masa. Kujerun falo suna da nasu tun kafin a haife ni. Rediyon Baba ya samu a ranar da aka sayo shi. Firij kuwa sai da ya shekara guda yana aiki tsirara, don Dani ta ce ba ta yarda da abin da ke gurnani shi kaɗai ba. Idan ta ɗora wa abu kitamba, to ya zama ɗan gida, kuma babu mai ɗagawa sai ita, ranar wanki.

Allon kwamfutar da yayata Awuor ke wasa da shi ya yi wata biyar a ɗakinmu bai samu ba. Dani tana ce masa talabijin ɗin da ba ya labarai.

Ranar Asabar ɗin nan, Mama da Baba sun tafi jana'iza Ahero tun da safe, gida ya rage mu uku. Awuor tana aiki a wani shagon buga takardu, ran Asabar rabin yini take yi. Da ƙarfe huɗu na yamma tana da gwaji. Akwai wata ƙungiyar 'yan mata biyar a Nairobi masu buga wasan harbi ta intanet, ɗaya ta bar su, sai shugabarsu, Kendi, ta ce za ta gwada mutum biyu: Awuor da ƙarfe huɗu, wata daga Mombasa da ƙarfe shida. Wadda ba ta shigo a kan lokaci ba, ita ta cire kanta. Shekara biyu Awuor tana jiran irin wannan kira.

Ni aikina a ranar shi ne in share ɗakinmu in goge. Ban yi ba. Na ɗauki littafi na laɓe bayan tankin ruwa, na ce shafi goma kawai zan karanta. Ko da na ɗago kai rana ta take, kuma Dani ta riga ta yi aikin da kanta, da gwiwarta mai ciwo. Ni kuwa da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

Biyu da rabi mai boda, wato ɗan acaɓa, ya sauke Awuor. Ta shigo ɗaki da sauri, ta jefa jaka a kan gado, sai ta tsaya cak. Ga sabuwar kitamba a kan allon, fara mai bakin shuɗi, kusurwarta ɗaya ta sauko ta gaba kamar faɗin yatsa huɗu. Dani ta biyo ta a baya, tana jan kujerarta 'yar tsugunno.

"Nyar Seme!" Haka Awuor ke kiran Dani da sunan garinsu idan ta ji daɗi. "Yau talabijin ɗina ya shiga sahun manya?"

"Mako uku ina yin ta," in ji Dani. "Na ga samari suna zuwa kina korarsu, kin zauna kina kallon wannan. Na ce to, tunda shi ne surukin, bari in yi masa riga."

Awuor ta rungume ta har Dani ta ce za a karya mata wuya. Amma kusurwar nan da ta sauko tana tare saman hoto. Na ga Awuor ta kai hannu, ta tsaya, ta dubi Dani. Ba ta ɗaga ba. Ta dai naɗe kusurwar sau biyu, ta kwantar da ita a kan bakin allon na sama, ta danne da ɗan yatsa. Dani ta karkata kai ta duba, ta ce haka ma bai ɓaci ba, ta zauna.

Awuor ta kunna kwamfuta.

Allon ya kama, amma dishi-dishi, kamar fitilar da batirinta ya kusa ƙarewa. Ta ce ƙila sai ya ɗan yi zafi. Ta shiga filin atisaye na wasan, ta juya maus hagu da dama, sai fuskarta ta canja.

"Sittin ne," ta ce.

Ta taɓa yi mini bayanin wannan. Allo ba ya nuna abu mai motsi, hotuna yake sauyawa da sauri, kamar idan ka zana ɗan mutum a gefen shafukan littafi ka sake su da babban yatsa. Nata yana sauya hoto sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa guda, dalilin da ya sa ta saye shi ke nan. Na kowa da kowa sau sittin yake yi. Ni ban taɓa ganin bambancin ba. Ita ta ce kamar gudu ne a kwalta da gudu a cikin taɓo.

Ta buɗe wurin saiti a kwamfutar. A da jerin yana da tsawo, yanzu sittin ne kawai da hamsin. Ta danna maɓallin da ke ƙasan allon ta nemi wurin ƙara haske. Lambar tana kan goma sha biyu, rubutun ya yi toka-toka, ta danna ta danna bai motsa ba. Ta kashe ta kunna. Ta sake kashewa, ta zare daga bango, ta ƙirga talatin, ta mayar. Ta sabunta manhajar da ke kula da hoto, wannan kaɗai ya ci minti ashirin muna zaune muna kallon wani layi yana rarrafe. Da ya gama, sittin, goma sha biyu.

"Ki bar shi ya huta," in ji Dani. "Ko jaki ana sauke masa kaya."

"Dani, yau tun safe yake hutawa."

"To, ya saba ke nan."

Awuor ta kira Ogolla, wanda ya sayar mata da allon, ta buɗe muryar wayar muna ji.

"Wuta ce," in ji shi tun kafin ta gama. "Wutar unguwarku ta cinye shi. Kawo shi Litinin in duba."

"Ogolla, ƙarfe huɗu nake buƙatarsa. Na yau."

"To ki je Kondele ki kama kwamfuta a shagon wasa."

"Ran Asabar? Ka san masu wasan ƙwallo sun cika shagunan tun safe. Kuma talabijin ne da su, shi ma sittin ɗin ne."

"Ai shi ke nan, 'yar'uwa, ki gaya wa na Nairobi an yi miki rasuwa."

Ta kashe wayar a kunnensa. Dani ta tashi ta kawo shayi da mandazi, irin fanken nan namu, ta ajiye a gefen tebur. Babu wanda ya taɓa. Uku da minti ashirin.

Ni duk wannan lokaci ina zaune a bakin gado, hannuna a tsakanin gwiwa. Ban san komai a kan kwamfuta ba, kuma idan Awuor tana cikin irin wannan hali, ko numfashi mutum ya yi da ƙarfi laifi ne. Amma na tuna kwalin allon yana ƙarƙashin gado, a ciki muke ajiye takalman zuwa coci, kuma a ƙasansu akwai wani ɗan littafi har yanzu a cikin ledarsa. Na taɓa ganinsa na yi sha'awar buɗewa, don ni ko takardar magani ce ba na iya wucewa ban karanta ba. Na durƙusa na zaro shi.

"Farfesa," in ji Awuor ba tare da ta juyo ba, "wannan ba labarin soyayya ba ne."

"Na sani."

"Babu mai karanta wannan abin. Su kansu masu rubutawa ba sa karantawa."

Na fara daga shafin farko, don ban iya fara littafi daga tsakiya ba. Kada a sa shi kusa da ruwa. Kada a goge shi da kananzir. A shafi na goma sha ɗaya akwai zanen bayan allon, da ramuka biyu da ake cusa kebul, da ɗan jadawali a ƙasa. Na karanta sau biyu kafin in buɗe baki.

"Awuor. Wai ramukan nan na baya ba ɗaya ba ne. Na farko ne ke ɗaukar ɗari da arba'in da huɗu. Na biyu sittin kawai."

"Na sani."

"To naki a wanne yake?"

"A na farko mana. Ni na sa shi da hannuna wata biyar da suka wuce."

Dani ta yi gyaran murya. Ta ɗauki mandazi ta duba shi kamar akwai rubutu a jiki.

"In baƙar igiyar nan kuke nufi," ta ce, "ta fita lokacin da nake goge ƙurar baya. Ƙura kuwa kamar ba mata a ɗakin. Na mayar da ita."

Awuor ta juyo a hankali. "A wane rami, Dani?"

"A wanda ta shiga. Guda biyu ne iri ɗaya, kamar hancin mutum. Sai in tsaya tambaya?"

Awuor ta tura kujera baya. Ta miƙe, ta kamo allon ta karkato shi gaba, ta leƙa da fitilar waya. Garin karkatowa kitambar ta zame ta faɗa kan tebur. Na ji ƙas, ta zare, ta mayar a ɗaya ramin. Allon ya yi baƙi, ya dawo. Muna kallo haske ya fara ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ya cika, kamar an buɗe taga. Ta shiga saiti, ga jerin ya dawo da tsawonsa. Ta zaɓi ɗari da arba'in da huɗu, ta juya maus, ta yi ihu har karen maƙwabta ya amsa.

"Farfesa! Yau na yarda karatu yana da rana!"

Huɗu saura minti ashirin. Ta fita da gudu ta wanke hannu, don ba ta taɓa maus da gumi. Dani kuwa ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki kitambar daga kan tebur, ta kakkaɓe, ta mayar da ita wurinta. Har da naɗe kusurwar sau biyu kamar yadda ta ga Awuor ta yi. Ta koma ta zauna.

Ina kallo. Ba a yi ƙirgen biyar ba hasken ya fara ja da baya.

Awuor ta dawo tana goge hannu a siket, ta ga allon, ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta zauna ta duba: ɗari da arba'in da huɗu yana nan, haske ya koma goma sha biyu. Ta shiga filin atisaye, ta nufi wani lungu a ƙarƙashin matakala, ta kusanto da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon.

"Ba na ganin komai. Ko giwa ce ta tsaya a nan ba zan gan ta ba." Ta miƙa hannu baya ta girgiza kebul ɗin. Ta danna shi. Ta sake girgizawa. Wayarta ta yi ƙara, saƙon Kendi ne: minti goma sha biyar, ta shirya. Awuor ta sa abin sauraro a kunne, ta ce za ta shiga haka nan, in ya so a kashe ta a gama.

Ni na koma shafi na shida, inda aka zana gaban allon aka sa wa kowane abu lamba. Da farko na wuce shi da sauri. Lamba ta huɗu wani ɗan ɗigo ne a tsakiyar bakin sama. An rubuta cewa ido ne mai auna hasken ɗaki. Idan ɗaki ya yi duhu sai ya rage hasken allo don kada ya cutar da idon mai kallo, kuma muddin yana aiki ba a iya ƙara haske da hannu.

Na dubi bakin allon na sama. Saƙa ninki uku ce kwance a daidai wurin.

Mako uku Dani tana yin ta, da idonta da ba ya gani sosai. Kuma da na share ɗakin nan kamar yadda aka sa ni, da ba ta taɓa kebul ba, ga shi yanzu ni ce zan ce abin da ta kawo ma shi ne matsalar. Na matsa kusa da Awuor na yi magana ƙasa-ƙasa. Ba ta ji ba. Na taɓa kafaɗarta.

"Me?" Ta ɗaga abin sauraron daga kunne ɗaya. "Apondi, yi magana kamar mai rai, lokaci nake nema!"

"Kitambar ce," na ce, da ƙarfin da ni ma ban yi niyya ba.

Awuor ta dubi kitambar, ta dubi Dani, ta dube ni irin kallon nan na kin kashe mu.

"Me ta yi?" in ji Dani.

"Ba ita ba ce... wato, ita ce, amma ba laifinta ba ne. Yana da ido a nan sama. Da shi yake gane rana ce ko dare. To yanzu an rufe, shi a ganinsa dare ne." Na miƙa mata littafin, ko da yake na san ba ta karanta Turanci. "Dani, ke ki ɗaga ki gani. Kaɗan kawai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙe, ta ɗingisa zuwa tebur, ta kama tsakiyar kitambar da yatsa biyu ta ɗaga. Muka jira. Haske ya taso. Ta saki. Ya koma. Ta sake ɗagawa, ta sake saki. Sai da ta yi sau uku, Awuor tana kallon agogo tana cizon leɓe.

"Ikon Allah," in ji Dani. "Ashe ni na rufe wa surukina ido da rana tsaka." Ta ɗauke kitambar gaba ɗaya ta ninke ta huɗu.

"Dani," in ji Awuor, "da na gama zan mayar da ita, wallahi..."

"Yi wasanki. Wa ya tambaye ki?" Ta juyo gare ni. "Ke, mai ɓuya bayan tanki. Nuna mini idon."

Na nuna mata. Ɗan ɗigo ne baƙi, bai kai ƙwayar gero ba, in ba an faɗa maka ba za ka ce ƙura ce. Ta auna da tafin hannu daga gefen allon zuwa wurin, ta sake aunawa daga ɗaya gefen, ta fita. Huɗu saura minti huɗu Awuor ta shiga, na ji ta ce, "Kendi, gani nan."

Zagaye uku suka yi, kusan awa guda. A na farko aka kashe Awuor tun ba a je ko'ina ba, na ji tana ba da haƙuri. Ana cikin na biyu Dani ta dawo da tabarau da kwarashi da ragowar zaren shuɗi, ta zauna kusa da ni a bakin gado. Ta shimfiɗa kitambar a cinya, ta ƙirga idon saƙa daga gefe da farce, ta cusa kwarashi a tsakiya ta fara warwarewa.

"Tana ci ne ko ana cin ta?" ta tambaye ni.

"Ban sani ba, Dani."

"Duk karatun nan naki?"

Tunda ba na gane wasan, sai na ci gaba da littafin. A shafi na ashirin da uku na tarar da shi. Ana iya kashe idon gaba ɗaya. Danna maɓalli sau uku ne kawai, daga nan mutum ya sa hasken da yake so da hannunsa, ko da bargo aka rufe bakin allon. Na karanta sau biyu. Na dubi cinyar Dani. Ta riga ta warware tsakiyar furen da ya fi kowanne kyau, tana zagaye ramin da shuɗin zare, bakinta yana motsi tana ƙirge.

Na rufe littafin na ɗora shi a kan gwiwata.

A zagaye na uku Awuor ta daina ba da haƙuri, ta fara ba da umarni. "Akwai mutum ƙarƙashin matakala, hagu, ina ganinsa!" Sai ƙarar harbi, sai wata murya a cikin abin sauraron tana ihu har mu muna jiyowa. Da suka gama ta cire shi, kunnuwanta sun yi zufa. Ta ce Kendi ta ce sai ta ga ta Mombasa tukuna. Ta ɗauki shayin nan da ya huce tun ɗazu ta shanye a tsaye.

Dani ta yanke zare da haƙori. Ta je ta ɗora kitambar da kanta, ta gyara hagu, ta gyara dama, har ramin ya zauna daidai kan ɗigon. Kusurwar gaba kuma ta ɗinke ta sama, ba sai an naɗe ba. Muka tsaya mu uku muna jira. Hasken bai motsa ba.

"To," in ji Dani, "ga riga, ga ido. In ya sake yin duhu, halinsa ne."

Muna cin ugali, tuwonmu na masara, da ƙananan kifin omena wajen bakwai da rabi wayar Awuor ta yi ƙara. Ta karanta, ta ajiye, ta ci gaba da cin abinci, amma loma ta ƙi shiga don dariya. Kendi ta ce atisaye ran Talata da ƙarfe biyar, kada ta makara. Dani ta tambaya ko ana biyan sadaki a wannan harka. Awuor ta ce tukuna.

Da na je mayar da littafin cikin kwali, Awuor ta biyo ni ɗaki ta ce in bar shi a kan tebur, ƙila wata rana ta duba. Na ce mata ya fi zama lafiya a ƙarƙashin takalma, in tana neman wani abu ta tambaye ni. Na sa shi a ledarsa, na tura kwalin can ƙuryar gado. Asabar ɗin da ta biyo baya ni na share ɗakin, tun kafin Dani ta gama shan shayi.